Motsi Ya Fi Laɓewa

Kafin in ce kome, sai in fara da neman gafara wurin iyayenmu da za su karanta wannan mujalla, domin na san Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To, ni ban hau rimi ba, ko da yake a Zazzau ba a rasa shi. Abin da zan faɗa a tsakar gidanmu na gan shi, a nan Tudun Wada, kuma gani ya kori ji. Maganata ita ce, yawan zama da yawan kwanciya da muke ɗora wa iyayenmu da sunan ladabi da tausayi suna ƙara musu ciwon baya da ciwon gwiwa, mu kuma yara mun kama hanyar da za ta kai mu can tun ba mu yi gemu ba.

Mahaifina tela ne. Shekara talatin da 'yan kai yana zaune a kan keken ɗinki, tun daga hantsi har la'asar sakaliya, in kuwa Salla ta gabato har tsakar dare. Ba ya tashi sai in zai yi salla, abinci ma mu ke kai masa inda yake. Tun da aka sa wa kekensa injin lantarki, ƙafar da yake taka shi da ita ma ta huta. Daga gida zuwa shago babur, daga shago zuwa gida babur. Ya daɗe yana kukan ƙugunsa, amma ba wanda ya kula, don kusan kowane magidanci a layinmu haka yake tashi tsaye, hannu ɗaya a ƙugu, yana cewa, "Wash!"

Wata rana da hunturu, da asuba, ya sunkuya zai ɗauki buta, sai baya ya riƙe. Ya kasa miƙewa, ya kasa zama, sai salati yake yi. Ni da yayana muka tallabe shi muka kai shi ɗaki. Daga wannan rana gidanmu ya koma asibiti, kowa ya shigo kuma likita ne. Inna ta yi tausa da man zafi. Aka kira wanzami ya yi ƙaho. Wani maƙwabci ya kawo ɗamara mai faɗi ta roba, ya ce a ɗaure ƙugun kada a kwance. Wani kuma ya aike ni kemis, aka ƙullo mini ƙwayoyi kala huɗu a leda, ba suna, ba takarda. Magungunan sun sha bamban, amma akwai shawara guda da duk masu zuwa dubiya suka haɗu a kanta, watau ya kwanta kada ya motsa. Mu kuwa 'ya'yansa muka riƙe wannan doka ƙam. Ko moɗa ya miƙa hannu zai ɗauka, sai ɗayanmu ya yi wuf ya riga shi, yana cewa, "Bari Baba, kada ka fama ciwon."

Mako uku cur yana kwance. Maimakon sauƙi, sai abu ya ƙara gaba. Ciwon da ke wuri guda ya bazu har wuya da kafaɗu, cinyoyinsa suka saki, in ya tashi zaune jiri ya ɗebe shi, ga ƙwayoyin nan sun sa cikinsa yana zafi kamar an zuba barkono. Shago na rufe, masu ɗinki suka fara zuwa suna karɓar yadinsu ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa abincinmu da kuɗin makarantarmu duk daga bakin allurar nan suke fitowa. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne salla da yake yi a zaune yana nuni da kai, mutumin da tun tasowata ban taɓa ganin sahun farko ya wuce shi ba. Ran da na shiga na tarar yana share hawaye bayan ya sallame, ran nan na san ciwon baya ba abin wasa ba ne.

Da abin ya ishe mu, ƙanen Baba ya ɗauko mota muka kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda da can yake nan Tudun Wada a bakin ƙofarmu, kafin ya koma Shika a 2005. Likita ya yi masa tambayoyi da yawa: ko yana zazzaɓi, ko yana tari, ko ya rame, ko fitsari yana ƙwace masa, ko ƙafafunsa suna mutuwa. Ya ɗaɗɗaga ƙafafun, ya ƙwanƙwasa gwiwoyin, sa'an nan ya ce bai ga alamar wani mugun abu ba, ya tura mu sashen gashin ƙashi. A can ne wani ma'aikaci ya dube shi ya ce, "Baba, ciwon da ya kayar da kai ya kusa tafiya da kansa. Wanda ke damunka yanzu, kwanciya ce ta kawo shi. A kwance ɗamarar nan, a bar ƙwayoyin leda, gobe ka fara tafiya." Ya koya masa 'yan motse-motse, ya sa ni ma na koya don in riƙa tuna masa. Muna hanyar komowa Baba ya yi tsaki ya ce, "Watau mun ƙona mai har Shika don a ce mini in tafi in yi yawo?"

Ni ma abin ya ɗaure mini kai, don haka na tafi wurin malaminmu na ilmin halittu, ya zana mini a allo, ya kuma ba ni abin karantawa. Ga abin da na fahimta. Gadon bayan mutum ƙananan ƙasusuwa ne 33 aka jera bisa juna: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuwa suna can ƙasa a manne. Tsakanin yawancinsu akwai wani faifai mai taushi, kamar gammo, wanda ke hana su gugar juna. A gwiwa da sauran gaɓoɓi kuma akwai guringuntsi da ya lulluɓe kan ƙashi, da wani ruwa mai yauƙi da ke sa gaɓa ta yi santsi. To, abin mamaki, guringuntsin gaɓa ba shi da hanyoyin jini. Kamar soso yake: in an taka ya matse ya fitar da ruwa, in an ɗaga ya tsotsi sabo, ta haka yake samun abincinsa. Ke nan gaɓar da ba ta motsi an hana ta abinci. Har ila yau, tsokokin ciki da na baya da na cinya su ne ke riƙe da ƙasusuwan, kamar igiyoyin da ke riƙe da rumfa. In mutum ya daina aiki da su sai su saki, nauyi ya koma kan ƙashi da guringuntsi.

Mutane kan ce gwiwa kamar tayar mota take, yawan tafiya ke cinye ta. Wannan misali bai yi daidai ba, domin taya ba ta da rai, jiki kuwa yana gyara kansa, yana ƙara ƙarfi gwargwadon aikin da aka ba shi a hankali. In ana neman misali, sai a dubi keken ɗinkin Baba. Makonnin nan da ya yi a rufe, da muka buɗe shago sai da aka sa masa mai aka yi ta juyawa kafin ya saki.

Likitoci ma da can kwanciya suke sa mai ciwon baya, sai da bincike ya nuna musu kuskurensu. A 1966, a birnin Dalas na ƙasar Amurka, an sa samari 5 lafiyayyu, 'yan shekara 20, suka kwanta a gado mako uku ba tashi. Da aka auna su, ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake tara mutanen nan aka auna, sai aka ga tsufan shekara 30 bai rage musu ƙarfi kamar yadda kwanciyar mako uku ta rage ba. Mako uku fa, daidai da na Baba! A 1995 kuma, a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, aka gwada masu sabon ciwon baya, aka tarar waɗanda suka ci gaba da harkokinsu gwargwadon iyawarsu sun fi waɗanda aka kwantar saurin warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, watau fiye da ninki biyu na jama'ar Nijeriya, kuma a cikin kowane 10, kamar 9 ba a samun wata takamaimiyar cuta a bayansu. A jagorar da hukumar ta fitar cikin watan Disamba na 2023 game da ciwon ƙugu mai daɗewa, ta sa motsa jiki cikin abubuwan da ta yarda da su, ɗamarar ƙugu kuwa cikin waɗanda ta ce a guje su.

Ni aka ɗora wa aikin rakiya. Ranar farko, bayan sallar asuba, muka fito yana dafe da kafaɗata, muka kai ƙarshen layi muka komo. Minti biyar ke nan, amma gumi yake yi cikin sanyin hunturu. Kashegari muka ƙara kaɗan. In mun dawo sai ya kwanta rigingine a tabarma, ya jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, ya saki, ya jawo ɗayar. Sa'an nan ya kafa dugadugansa ya ɗaga ƙugu sama ya ƙirga biyar. Sa'an nan ya durƙusa kamar mai rarrafe, ya gantsare ya kuma yi doro, kamar kyanwa ta tashi daga barci. Daga ƙarshe ya zauna a kujera ya tashi, ya zauna ya tashi, sau goma. An gaya mana ƙa'ida guda: ɗan tsamin jiki da zai lafa kafin gobe ba kome, amma in ciwo ya harba zuwa ƙafa kamar lantarki, a tsaya a koma asibiti. Sannu ba ta hana zuwa. Cikin wata guda ya koma shago, cikin wata biyu muna kaiwa Ƙofar Doka mu komo, ran nan kuwa sai ga goshin Baba a ƙasa a sahun farko.

Amma fa ciwon bai ba mu wahala kamar yadda idon mutane ya ba mu ba. Kusan kullum sai wani ya tsai da babur ya ce, "Malam, lafiya? Babur ya lalace ne? Hau in kai ka." Wani ya aiko gida a tambaya ko sayar da babur ɗin aka yi saboda jinya. Wata dattijuwa ta tare ni ta yi mini faɗa, wai ba ni da tausayi, ina jan tsoho marar lafiya a titi. Duk cikinsu alheri suke nufi, kuma a nan matsalar take. Mun ɗauka cewa zama shi ne alamar girma, tafiya a ƙasa kuwa alamar talauci. Da mutum ya ɗan samu, sai ya daina taka ƙasa. Da ya yi furfura, sai a karɓe masa kowane aiki, a shimfiɗa masa buzu a zaure, a ce huta. In ya yi teɓa a ce hutu ya karɓe shi, alhali masu bincike sun auna cewa kowane kilo ɗaya da mutum ya ƙara, gwiwarsa tana ɗaukar ƙarin kamar kilo huɗu a kowane taki. Ban ce a daina yi wa iyaye hidima ba, Allah Ya kiyaye. Ɗaukar musu buhu da jarkar ruwa wajibi ne a kanmu. Amma hana su tashi su ɗauki moɗa, wannan ɗaure su ne da igiyar ladabi.

Kakanninmu ba haka suka rayu ba. Baba da kansa ya ba ni labari, muna tafe, cewa da yana yaro a ƙasa suke bin kakanmu daga Tudun Wada su shiga birni ta Ƙofar Doka su yi Juma'a a masallacin ƙofar fada, a ƙasa kuma suke ƙetare gadar Kubanni zuwa kasuwar Sabon Gari, ba wanda ya ce musu sannu. Wanda kuma yake ganin motsa jiki zub da girma ne, sai ya tuna da Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta zama Kwalejin Barewa ta nan Zariya, ya ƙware a wasan nan na doka ƙwallo a bango da tafin hannu, kuma bai bar shi ba har yana Firimiyan Jihar Arewa. In wasa bai rage wa Sardauna kwarjini ba, ban ga yadda tafiyar rabin awa za ta rage wa wani nasa ba.

Na san wani zai ce, "To, ai manomi da ɗan dako da mai tura ruwa ba su zama, amma wa ya fi su ciwon baya?" Wannan magana gaskiya ce, kuma ta cancanci amsa. Wahala dabam, motsa jiki dabam. Manomin da ya yini a duƙe a kan fartanya, da telan da ya yini a duƙe a kan keke, cutarsu ɗaya, domin kowannensu ya bar bayansa a hali guda tun safe har yamma. Ɗan dako kuwa yana ɗora wa jiki abin da ya fi ƙarfinsa, ba hutu. Abin da baya yake so shi ne canji: a duƙa a miƙe, a zauna a tashi, a yi aiki a huta. Saboda haka manomi ya riƙa miƙewa a ƙarshen kowace kunya, ya dafa ƙugu ya ɗan gantsare. Ɗan dako ya tsuguna ya rungumi kaya kusa da jiki kafin ya ɗaga, in sun yi nauyi a kama masa. Tela da direba da ɗan acaɓa da ma'aikacin ofis kuwa su tashi bayan kowane rabin awa ko awa guda su ɗan taka. Yanzu Baba ya mai da dutsen guga can ƙuryar shago da gangan, don dole ya tashi in zai yi guga.

Iyayenmu mata su ne abin ya fi shafa, su ne kuma aka fi mantawa da su. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2019 mutum miliyan 528 ke da ciwon gaɓoɓi irin na zaizayewar guringuntsi, wanda mukan haɗa da sanyin ƙashi, kashi 60 cikin 100 kuwa mata ne, kuma gwiwa ya fi kamawa. Da can daka da surfe da niƙa da jan guga suna motsa musu jiki, ko sun so ko sun ƙi. Yanzu inji ya ɗauke yawancin wannan, ba kuma mai fatan a koma wa waccan wahala, sai dai ba mu sa kome a gurbinta ba. Uwa takan yini a kan 'yar kujerar tsuguno, daga wanki zuwa girki, in ta miƙe gwiwa ta yi ƙara. Ba sai ta fita titi ba. Inna ta fara zagaya tsakar gida da ƙannena mata bayan la'asar, ana hira ana dariya, in kuma za ta gidan suna a cikin unguwa ta daina cewa a kira mata Keke Napep. Abin da ake bukata wurin maigida shi ne goyon baya, kada ya ce tsofai-tsofai da ita me take yi haka.

Wani kuma zai ce, "Me ya kai ni wannan dogon aiki, ga ƙwaya a kemis?" Ƙwaya tana da ranarta, in likita ya rubuta ta na 'yan kwanaki don mutum ya samu ya tashi ya motsa. Amma magungunan kashe zafin ciwo irin su Diclofenac da Ibuprofen, in aka mai da su abincin kullum, suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda. Haɗin leda ba ka ma san abin da ke ciki ba. Tramol kuwa, kowa a unguwar nan ya san samarin da suka fara shansa don ciwon jiki bayan aiki, ya kuma san inda ya kai su. Ƙwaya tana rufe wa ciwo baki ne kurum, ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi ko na anini.

Duk da haka, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ni ba likita ba ne, kuma ba kowane ciwon baya ake yi wa magani da tafiya ba. Tambayoyin nan da likita ya yi wa Baba ba a banza ya yi su ba. In ciwon baya ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko tari mai daɗewa, to, a yi hanzari, don tarin fuka yana cin ƙashin baya har ya yi wa mutum doro ko ya shanye masa ƙafafu, ga kuwa cibiyar tarin fuka da kuturta nan kusa da mu a Saye. In ƙafa ta mutu, ko fitsari da bayan gida suna ƙwacewa, ko mutum ya faɗo daga bisa, ko ya yi hatsari, ko gaɓa ta kumbura ta yi zafi rau, asibiti za a nufa ran nan, kada a bari sai gobe. 'Yan'uwanmu masu sikila ciwon ƙashinsu dabam ne. Kada a tilasta musu gudu a rana, su yawaita shan ruwa, su bi abin da likitansu ya tsara musu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya shi ma ya nemi shawara kafin ya fara. In an duba an ce ba kome, to, daga nan ne kwanciya ta zama laifi.

Yanzu bari in juyo kanmu, 'yan'uwana ɗalibai, kada mu yi ta nuna iyaye da yatsa. Mu ƙirga lokacin da muke yi a zaune: daga safe zuwa azahar a benci, da yamma a Islamiyya ko lesin, da dare kuma a duƙe a kan waya kamar mai neman allura. Nawa ne a cikinmu suka iya langa? Yaushe rabon da mu ji 'yan mata suna gaɗa a dandali? Ƙwallon ma yawancinmu a gidan kallo muke buga ta da baki. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 a rana. Babba kuwa minti 150 zuwa 300 a mako, watau rabin awa sau biyar a mako ya kai ƙaramin ma'auni, tare da motsin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Ƙashi a ƙuruciya yake tara ƙarfinsa, yawancinsa kafin mutum ya wuce shekara 20, abin da ba mu tara yanzu ba kuwa da wuya mu same shi da tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko ga 'yan'uwana ɗalibai: kowa ya zaɓi babba ɗaya a gidansu, uba ko uwa ko kaka, ya zama ɗan rakiyarsa. Babba yana jin nauyin fita shi kaɗai, amma in da yaro a gefensa sai a ce ziyara za su. A fara da minti biyar ko goma, da sassafe ko bayan la'asar, a bi gefen hanya a kula da babura. Wanda gidansu ke kusa da makaranta ya zo a ƙasa, kuɗin acaɓa ya shiga asusu. Na biyu ga iyayenmu, ranku ya daɗe: in mun ce ku taso mu taka, kada ku ɗauka raini ne. Ku kuma bar 'yan mata su yi tsallen igiya da wasanninsu kamar yadda kuka bar maza su yi ƙwallo, don su ne gobe za su yi goyon ciki da goyon baya. Na uku ga malamanmu, Allah Ya gafarta muku: kada lokacin wasanni ya zama shi ne na farkon yankawa in jarrabawa ta gabato, in darasi ya yi tsawo kuma a ba mu minti biyu mu miƙe. In da hali, a shirya mana tattaki zuwa Dutsen Kufena sau ɗaya a zango, a gayyaci iyayen da za su iya.

Ba zan ce Baba ya rabu da ciwon baya har abada ba, don ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. In sanyi ya shigo, ko ya yi daren ɗinkin Salla, ƙugun yakan motsa. Sai dai yanzu ba ya jin tsoronsa, ya san abin da zai yi, kwana biyu uku ya wuce, kuma shago bai sake rufewa ba. Ɗamarar nan tana rataye a ƙusa, ƙura ta rufe ta. Abokan tafiyarmu sun ƙaru, har da mutumin nan da ya fara tsai da babur zai rage mana hanya. Shi gwiwa ce ke damunsa. Ni ma na ci ribar da ban zata ba, domin a hanyar Ƙofar Doka na ji labarin kakannina da na unguwarmu, wanda duk zaman da muka yi a gida ɗaya ban taɓa ji ba. Kwanan baya da asuba na makara, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, ashe Baba ne yana cewa, "Kai, tashi mana! Yaro da kai sai kwanciya, so kake bayanka ya riƙe?"

Hausawa sun ce motsi ya fi laɓewa, lafiya kuwa uwar jiki ce, babu mai fushi da ita. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, Ya ba mu ikon yi musu hidimar da za ta amfane su, amin.